Layin Farko Na Yvette Ne

A garinmu babu mai taka hanyar Tsaunin Corliss sai Armand Pelkey ya ce a taka. Ba hukuma ce ta naɗa shi ba, ba kuma zaɓensa aka yi ba. Shi ne dai tun yana saurayi ya bi manoma gida-gida yana roƙon su bari hanya ta ratsa dazukansu, ya yi musu alkawari da baki cewa ba za a ɓata musu ƙasa ba. Shi ya sare ta, shi ya haƙa mata magudanai, shi ya kafa turaku biyu a bakinta ya rataya sarƙa. Daga nan ya ɗauke ta tamkar 'yarsa ta fari, mu sauran mutanen gari kuwa duk masu neman ɓata mata tarbiyya ne.

Ni Noella, ƙanwar matarsa ce, don haka ina faɗa masa a fuska abin da wasu ke faɗa a bayan idonsa. Ni ce kuma ke tsaron kantin garin. Kowace safiya zai bugo mini waya, ko gaisuwar kirki babu, ya ce "a buɗe" ko "a rufe" ko "a jira", ni kuma in ɗauki alli in rubuta a allon bakin ƙofa. Lokacin zafi masu hawa da ƙafa da masu keke ne ke tsayawa su karanta. Da hunturu kuma masu allunan zamiya a kan ƙanƙara. Tsakanin narkewar ƙanƙara da bushewar ƙasa, wato lokacin taɓo, ko wa ka zama sai dai ka karanta ka juya.

Gwajinsa ɗaya ne. Zai tsaya a bakin sarƙa ya miƙa ƙafa ya danna dunduniyar takalminsa a ƙasa. In ta bar rami, a rufe. Ya ce sawu ɗaya a taɓo kwano ne, ruwa zai taru a ciki, ya nemi na gaba, kafin ka farga ya tsaga kwari a dajin mutumin da ya ba ka amana. Gaskiya yake faɗa, abin haushin ke nan. Ya taɓa bin sawun taya tun daga tsakiyar tsauni har ƙofar garejin Dwight, amininsa da suke zama benci ɗaya a coci, ya miƙa masa manjagara ya je ya cike sawunsa. Yayata Yvette ma ba ta tsira ba. Shekarar farko ta aurensu ta tsallake sarƙa don ta tsinko ganyen miya na farkon shekara, ta dawo ta tarar da manjagarar a jingine a ƙofar kicin. Ta yi fushi ta taho gidanmu ta kwana biyu, sannan ta koma ta cike sawunta. Daga baya labarin ya zama abin dariyarta, ba Kirsimetin da za ta wuce ba ta ba da shi ba, shi kuwa yana gefe yana cin burodin namansa kamar ba da shi ake ba.

To amma mutumin nan yana da wani abu guda. Duk shekara, in ƙanƙara ta sauka ta zauna, zai hau babur ɗin ƙanƙara ya ja ƙarfen da ke danne ta yana tsaga layi biyu, tun daga sarƙa har ɗan ɗakin katakon da ke can sama. In ya gama, ba mai sa ƙafa. Layin farko na Yvette ne. Za ta sa jar hularta ta ɗaura allunanta ta bi layin ita kaɗai, ta isa ɗakin ta hura murhu ta ɗora ruwan tuffa. Mu muna ƙasa muna kallon kan tsauni. Sai mun ga hayaƙi ya tashi, sannan in rubuta "a buɗe", gari ya kwasa ya bi bayanta. Armand bai taɓa saya mata fure ba, ban kuma taɓa jin ya yi mata magana mai daɗi a gaban mutane ba. Layin nan shi ne maganarsa, kuma ita ta san haka.

Ciwon mantuwa ya shigo wa Yaya a hankali, kamar yoyon rufi. Da farko sunayen jikoki ne, sai hanyar coci. Sai ranar da ta shigo kanti da silifas cikin sanyin Oktoba tana tambaya ko Mama ta biyo ta nan, Mama da muka binne tun 'yarsu Lise tana jaririya. Lise ta zo daga birnin Burlington ta kai ta wajen likita, ta kuma sa sunanta cikin masu jiran gurbi a wani gidan kula da tsofaffi a can. Aka ce za a samu wajen Afrilu. Armand bai yi gardama ba. Bayansa ya lalace, in ta faɗi ba ya iya ɗaga ta, ga shi ta fara barin murhu a kunne ta fita.

Abu ɗaya kawai ya ce: "To, tana da hunturu ɗaya."

Duk mun gane. Ta hau sau ɗaya kuma, ta hura murhun nan, kafin a tafi da ita.

Kanta ya manta, amma hannu da ƙafa ba su manta ba. Tun Nuwamba ta fito da allunanta ta shafe su da kaki, tsaf yadda ta saba, ta jingine su a bakin ƙofa. Kowace safiya in ya shigo daga duba hanya, za ta ɗago kai ta ce, "Ya buɗe?" Ko ranar da ba ta san wace rana ce ba, wannan tambayar ba ta kuskure ta.

Sai dai hunturun bai zo ba. Disamba ruwa aka yi ta yi, irin mai sanyin nan da ke shiga ƙashi. Kirsimeti muka yi a kan ciyawa baƙa. A Janairu ƙanƙara ta ɗan yayyafa, rana ta lashe rabi, sanyi ya daskarar da saura, hanya ta koma sulɓi kamar gilashi da duwatsu a tsaitsaye. "A jira" ta daɗe a allona har na daina gogewa.

"Noella, allin nan naki mannewa ya yi ne?" in ji Dwight wata safiya.

"Je ka tambayi amininka. Ni 'yar aike ce."

"Na tambaye shi. Na ce mu haɗu da shebur mu kwaso ƙanƙarar kwarin arewa mu shimfiɗa wa Yvette, ko zuwa rabin hanya ne. Ka ji mutum, wai cike take da ganye da tsakuwa, so muke mu karya masa mata."

"Ai ka san shi."

"Na san shi fa. Ni ba hanya nake ji ba, ita nake ji."

Ya karɓi kofinsa ya fita, bai ko tsaya jin tsegumin safe ba.

A tsakiyar Fabrairu muka wayi gari duniya ta yi fari fat. Ƙanƙara ta sauka sosai, ta wuce idon sawu, ga rana ta fito tas, ga iska ta kwanta. Rabon da in ga safiya irin wannan har na manta. Na jira wayar Armand ba ta zo ba. Na ja ƙofar kanti na kulle, na taka zuwa gidansu.

Na tarar da shi a gareji yana shafa wa ƙarfen jan layi mai. Ta taga ina hango Yaya zaune a kicin, ta riga ta sa jar hula.

"Sarkin hanya," na ce, "yau ce fa."

"Ba ta zauna ba."

"Ta wuce idon sawu!"

"Kamar garin tuwo take a sama, ƙasa ba komai. In na sa babur yau, ƙarfe zai tono duwatsu. Bari ta kwana sanyi ya kama ta. Gobe da sassafe in ja layi, ki ga abu kamar an bi da dutsen guga."

"To bar babur ɗin mana. Ta sa allunanta, ka sa naka, ku lallaɓa haka nan. In ma ba ta iyawa, ku taka da ƙafa."

Ya dube ni kamar na zagi iyayensa.

"Da ƙafa? Kowane taku rami ne. Ya daskare a haka, an ɓata wa kowa hunturu ke nan."

"Wane kowa? Kowa ya yafe! Je ka tambayi gari kaf, in ka samu mutum ɗaya da ya ce a'a, ni zan cike ramukan da cokali."

"Ke dai ba ki rasa abin faɗa."

"Kai kuma ba ka rasa dalilin jira. Armand, dubi matarka. Yau ta san hularta. Wa ya ce maka gobe za ta san ta?"

Ya ajiye gwangwanin man. Na zaci faɗa zai yi, har na gyara tsayuwa. Sai ya yi ƙasa da murya.

"Na ƙarshe ne, Noella. Shekara da shekaru ban taɓa ba ta layi mai karkata ba. Ba zan ba ta na ƙarshe a kan tsakuwa ba. Rediyo ta ce sanyi zai riƙe har ƙarshen mako."

Na wuce shi na shiga kicin. Na durƙusa gaban Yaya na kama hannunta. "Yaya, kina so ki hau yau?"

Ba ni ta duba ba, shi ta duba, yana tsaye a bakin ƙofa. "Ya buɗe?"

"Gobe," in ji shi.

"To, gobe," ta ce. Ta cire hular ta ninke ta a cinya, ba fushi ba komai.

Na fito raina a ɓace, na koma kanti ina zubar da hawaye a hanya kamar yarinya. Haushinsa nake ji, tausayinsa kuma nake ji, ban san wanda ya fi ba. Yinin nan ƙanƙara ta kwanta a kan tsauni lumui, ko sawun kare babu, gari duka yana kallonta ta taga.

Washegari ƙarar ɗiga ce ta tashe ni. Iska ta juya daga kudu, indararo yana zuba. Kafin in gama sa takalmi ruwan sama ya tsinke, ya yini yana yi, ya kwana, ya sake yini. Da ya ɗauke, abin da ya rage a gefen titi wasu tsibi-tsibi ne masu launin toka.

Na tanadi maganganu masu zafi tun daga gado, na jera su ina jiran wayarsa. Da ta zo, numfashinsa na fara ji. Can ya ce, "A rufe." Na haɗiye duk abin da na tanada, na ɗauki alli.

Ƙanƙara ba ta sake sauka ba, ban da yayyafin da ba ya kai azahar. Ɗumin Maris ya shigo da wuri, masu dafa zumar mapul suka rataya bokitai a jikin bishiyoyi suna gunagunin ruwan bana ba zaƙi. Titunan ƙasa suka narke, motoci suna nutsewa har gindi. Ana cikin haka Yaya ta daina tambaya. Ba rana ɗaya ba ce, ba wanda zai ce ga ranar. Armand dai ya shigo wata safiya ya tsaya yana jiran ta ɗago kai, ba ta ɗago ba. Allunan suna nan a bakin ƙofa, tana wuce su kamar tsintsiya. Ni tana gane ni jefi-jefi, wani lokaci a matsayin Noella, wani lokaci Mama. Shi kuwa ta fara kiransa "mutumin nan mai kawo itace". Tana yi masa godiya sosai in ya ba ta abinci, irin godiyar da ake yi wa baƙo.

Bai taɓa ce mini komai game da ranar nan ta Fabrairu ba, ni ma ban tayar ba. Amma ya rame, ya daina aske gemu, ya kuma daina zuwa coci.

Farkon Afrilu Lise ta bugo ta ce gurbi ya samu, a kawo ta ranar Litinin, ita za ta tarye mu a can.

Ranar da safe ina jera madara a firij sai ga a-kori-kurar Armand ta tsaya a ƙofar kanti. Yaya tana gaba, an sa mata jar hula da takalman roba. Akwatinta yana baya an lulluɓe shi da leda.

"Rufe ki zo," ya ce.

Na shiga na zauna kusa da ita. Maimakon ya ɗauki hanyar birni, sai ya juya ya nufi tsauni. Na ga filas a ƙasan kujera, ƙamshin tuffa da kirfa yana tashi, ga kwalin ashana ya leƙo daga aljihun rigarsa. Nan na gane abin da ya shirya.

Bakin hanya ya yi muni yadda ya saba yi a wannan lokacin. Sama ta yi duhu, bishiyoyi tsirara, ruwa yana gangarowa ta magudanai, ƙasa kuwa baƙa ƙirin tana sheƙi, ga warin ruɓaɓɓen ganye. Allon katako da ya sassaƙa da hannunsa yana rataye a tsakiyar sarƙa. Ko gwajin dunduniya ba a buƙata, daga mota ma ka san amsa.

Ya zagayo ya sauko da ita a hankali, ya kai ta bakin turke. Ya cire ƙugiya, sarƙa ta faɗi cikin taɓo da allon duka. Ya sa ƙafa. Takalmin ya nutse har idon sawu, ya zaro shi da ƙyar, ya sake sa ɗayar. Ban taɓa zaton idona zai ga wannan ba. Ya yi gaba kaɗan yana dafe da ƙugu, ya bar ramuka a bayansa, ruwa yana cika su tun bai juyo ba. Sannan ya juyo ya miƙo mata hannu.

"Zo, Yvette. Na buɗe. Mu je ki hura murhu."

Ta dubi hannun, ta dubi ramukan. Fuskarta ta canja, ta koma irin ta da, ta matar da ta san abin da take yi. Har na zaci hankalinta ya dawo.

"Bawan Allah," ta ce, "fito daga nan."

"Yvette..."

"Fito mana. Ba ka ga a rufe take ba? Kai baƙo ne a garin nan?"

"Ni ne na rufe ta. Ni ne kuma na buɗe. Zo, ba komai."

Ta yi 'yar dariya, ta juyo gare ni. "Ji shi fa. Wai shi ya rufe." Ta koma kansa. "Maigidana ne ke rufe ta. Kuma zai gane sawunka, ko ina ka shiga sai ya bi ka har gida. Ni ma nan da ka gan ni bai ƙyale ni ba."

Na matso na riƙe mata kafaɗa. "Yaya, Armand ne wannan. Ya yarda. Yau kaɗai."

"Haba, ke ma kin san Armand ba zai taka taɓo ba." Ta faɗe shi da alfahari, kamar mai nuna lambar yabo. Sai kuma ta ɓata rai tana kallon ramukan. "Dubi abin da ka yi, don Allah. Yanzu shi zai zo ya cike su shi kaɗai, ga bayansa na ciwo. Ba ya faɗa, amma na sani."

Armand yana tsaye cikin taɓo, hannunsa a miƙe har yanzu.

"Ki zo ko nan da can ne," ya ce. "Don Allah."

"A'a. Ni ba na sata. In ƙanƙara ta zauna zai ja mini layi, ni ce ta farko. Kullum ni ce ta farko. Ka jira ka ga hayaƙi, sai ka hau da sauran mutane." Ta nuna bayan turke da haɓa. "Ga manjagara can. Gyara kafin ya zo."

Tana nan kuwa inda yake rataye ta. Yaya ba ta san sunan jikokinta ba, amma ta san inda manjagarar take.

Ya sauke hannun. Ya fito ya ɗauko ta ya koma har ramin ƙarshe, ya fara cikewa yana ja da baya. Duk sunkuyon da zai yi sai na ga ya cije leɓe. Na ce ya ba ni in yi, ya girgiza kai bai ko dube ni ba. Yaya kuwa ta riƙe turke tana ba da umarni.

"Daga gefe za ka jawo, ba daga tsakiya ba. Yawwa. Danne da bayanta. Sai ka watsa ganye a kai. Haka yake yi."

Ya bi duk abin da ta ce. Da ya gama, ya ɗago sarƙa daga taɓo, ya goge allon da hannun rigarsa, ya maƙala ƙugiya. Ta kai hannu ta ja sarƙar ta tabbatar ta kamu, sannan ta yarda na kai ta mota.

Ya shigo ya zauna, wandonsa ya yi baƙi har gwiwa, ya riƙe sitiyari bai tayar ba. Filas ɗin ya gangaro ya tokari ƙafata, da sauran ɗuminsa. Yaya ta matso kusa da ni ta rage murya, irin raɗar da kowa ke ji.

"Kada ki gaya wa Armand. Mutumin kirki ne wannan, bai sani ba ne kawai."

Na ce ba zan gaya masa ba. Armand ya tayar da mota, ya ɗauki hanyar birni.